Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin makarantun likitanci da na ungozoma a Kano da Jigawa: binciken Farfesa Hadiza bai iso ƙauyenmu ba

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayenmu, farfesoshi da manyan likitocin mata da shugabannin makarantun da ake yaye likitoci da nas-nas da ungozomomi a Kano da Jigawa. Ina gaisuwa irin ta 'ya da iyayenta, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara girma ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke gefen fadama a nan Jigawa, shekarata 17 ina koyarwa, mahaifiyata kuma ungozoma ce irin ta gargajiya, kusan duk wanda ya kai shekara 30 a garinmu ita ta yanke masa cibi. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba, matan ƙungiyarmu ta adashin haihuwa ne suka taru a tsakar gidanmu ran Juma'a da la'asar suka ce tunda ni ce mai babbar waya kuma hannuna ya saba da rubutu to in rubuta, su suka faɗi abin da ke cin ransu ni kuma na haɗa. In kun ga inda harshe ya yi kaifi a yi mana afuwa, zafin abin ne, ba raini ba ne.

Wata uku kenan da aka ɗauke ungozomar asibitinmu, ita ɗaya tal gare mu, aka mayar da ita birni kuma har yau ba a turo wata ba. Mun san ba ku kuka ɗauke ta ba, kuma mun kai kukanmu inda ya kamata har sau biyu, mai unguwa da kansa ya raka mu. Abin da ya sa muka juyo gare ku shi ne duk wadda za ta zo ta maye gurbinta daga hannunku za ta fito, abin da kuka koya mata shi za ta yi mana, abin da ba ku koya mata ba kuma mu ne za mu ɗanɗana. Sannan ku in kun yi magana ana ji a wuraren da mu ko ƙofar ba za a bari mu shiga ba.

Wannan baiwar Allah da aka ɗauke mana ita ta fara ba ni labarin Farfesa Hadiza Shehu Galadanci. Wata rana muna zaune a barandar asibiti ana jiran masu awo, ta nuna min hotonta a waya ta ce malama kin ga wannan, tamu ce, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi karatun likita, ta yi shekara da shekaru tana karɓar haihuwa tana koyar da ɗalibai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ita ce mace ta farko da aka horar a Kano ta zama babbar likitar haihuwa har ta kai farfesa, yanzu kuma tana Jami'ar Bayero tana shugabantar wata cibiyar bincike kan lafiyar al'umma da aka kafa da tallafin Bankin Duniya. A 2024 mujallar Time ta Amurka ta saka ta cikin mutum 100 da suka fi tasiri a harkar lafiya a duniya. Wallahi ranar na ji daɗi kamar yayata ce ciki ɗaya, washegari na shiga aji shida na rubuta sunanta a allo na ce wa 'yan matan ku kalla da kyau, Bahaushiya ce kamar ku, da hijabinta da komai.

Da na koma gida na yi ta karanta abin da ya sa aka karrama ta, sai jikina ya yi sanyi. Bincike ne kan zubar jini bayan haihuwa, ana kiran tsarin E-MOTIVE, an yi shi tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakon a 2023. Abin da suka gano ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba ko ga irinmu. Ido ba ya iya auna jini. Jini na bin zani, yana bin katifa, yana zuba ƙasa, mai karɓar haihuwa tana ganin kamar bai kai ya kawo ba alhali mace tana tafiya. Sai suka kawo wata leda mai aljihu kamar mazurari da layukan awo a jiki, da zarar jariri ya faɗo a shimfiɗa ta ƙarƙashin maijego jinin ya riƙa taruwa a ciki ana gani. In ya kai rabin lita, wato kwatankwacin ledar fiya wata guda, ko ma kafin nan in jikinta ya fara nuna alama, to ba a tsayawa gwada wannan a jira a ga ko zai yi sannan a gwada wancan, gaba ɗaya ake haɗa mata: a murza mahaifa ta tsuke, a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a yi allurar taranekzamik mai hana jini tsinkewa, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko ta ƙaru ko akwai ragowar mabiyiya, in bai tsaya ba a kira babba nan take. A asibitocin da aka bar su da yadda suka saba, kusan rabin matan da jini ya ɓalle musu ne kawai aka gane, 51 cikin 100. Inda aka sa ledar nan aka gane 93 cikin 100. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta ya ragu da kashi 60 cikin 100. Kafin ƙarshen 2023 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar su ɗauki tsarin.

Iyayenmu, abin da ya sanyaya min jiki shi ne ƙanwata. Shekara shida da suka wuce, cikin watan Agusta, haihuwarta ta huɗu, a ɗakin Inna ta sauka lafiya bayan isha'i, namiji, har an fara guɗa. Mabiyiya ta faɗo, sai jini. Inna ta canja zani ɗaya, ta canja na biyu, a na uku ta ɗago ta kalle ni ta ce wannan ba na haihuwa ba ne, a nemo mota. Ruwa ya cinye hanya, a amalanken shanu muka ɗora ta zuwa bakin titi, ƙaramin asibitin da muka fara tsayawa a kulle yake, kafin mu kai babba ƙarfe biyun dare ta wuce, aka ce a kawo jini leda biyu, mijinta da yayanmu suka miƙa hannu na ɗaya bai dace ba, ana cikin neman wani ta cika kafin kiran assalatu. Allah ya jiƙanta. Mun yarda kwana ne ya ƙare, babu mai ja da wannan. Amma daga baya na karanta cewa ita allurar taranekzamik ɗin nan, wani babban bincike na 2017 da aka yi kan mata sama da 20,000 har da na Najeriya ya nuna in aka yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mu awa ukun nan a kan amalanke da cikin taɓo muka cinye su. Yaron yanzu yana aji ɗaya a makarantar da nake koyarwa, ni nake riƙonsa.

To abin da ya fi damunmu na farko kenan, ilimin ya tsaya a birni. An yi binciken a ƙasarmu, 'yarmu tana cikin waɗanda suka ja gaba, duniya ta karɓa ta yaba, amma daga Kano zuwa garinmu tafiyar da ba ta kai yini ba, har aka ɗauke ungozomarmu ba ta taɓa riƙe ledar awon jinin nan a hannunta ba, a waya ta gan ta kamar yadda na gani. Oksitosin ɗin ma da ake kawowa, maganin da ake so a ajiye a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a garin da zafin bazara ke haura 40 kuma firjin asibiti ya fi shekara batirin solarsa ya mutu, ita da kanta take ce min tana yin allurar ne tana addu'a don ba ta san ko da sauran ƙarfi a cikinta ba. Alhali akwai wata allurar, kabetosin, wadda zafi ba ya lalata ta, an gwada ta kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10 har da Najeriya, aka fitar da sakamakon a 2018. Mu da ba mu da wuta ai mu ya kamata a fara kawo wa.

Ɗan yayana da ke karatun likita ya ƙara min wani labarin da ya sa na kasa barci. Ya ce tun kafin a haife ni an yi wani farfesan haihuwa a Zariya, Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ne ta jihar Ribas, shi da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya a asibitin Zariya suna rubuta komai, aka buga sakamakon a 1985, daga baya ya zama shugaban Jami'ar Fatakwal. Abin da ya gano shi ne matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su ranga-ranga, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, matan da suka yi makaranta kuma mutuwa ta yi ƙaranci sosai a cikinsu. Haka nan a Kano a 2008 aka shigar da allurar magnesiyam salfet asibitoci 10 saboda jijjigar masu ciki, wadda mutanenmu ke cewa taune-taune wasu ma su ce iska ce, matan da ke mutuwa cikin masu jijjigar suka sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa 2 da ɗan ɗoriya. Kun ga kenan ba yau aka san ciwon ba, ba yau aka san maganin ba. Shekara 40 da binciken Zariya, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. In muka ji wannan lissafin mu fuskoki muke gani, mun san gidajen da aka yi zaman makoki ranar da ya kamata a yi suna.

Sai maganar waɗanda kuke yayewa. Ɗan yayan nawa ya ce ana kai su karkara na wasu makonni kafin su gama, na tambaye shi wace karkarar, ashe wadda ke bakin kwalta ce, a je da safe a motar makaranta a dawo kafin magariba. Yaron da bai taɓa kwana a asibitin da babu wuta ba, bai taɓa karɓar haihuwa da fitilar waya a baki ba, bai taɓa tsayawa da mace tana zubar jini yana lissafin motar wa zai kira ba, ranar da aka turo shi irin garinmu sati biyu ba zai yi ba zai fara neman wanda zai yi masa hanya a mayar da shi. Ba na ganin laifinsu sosai, ba a shirya su don mu ba. Wasu ma daga kammalawa sai Saudiyya sai Ingila. Sakamakon a wajenmu shi ne asibiti yana rufewa da la'asar, naƙuda kuwa kowa ya san da dare ta fi zuwa. Tun rasuwar ƙanwata Inna ta daina karɓar haihuwa a ɗaki in dai da yadda za a yi, ita ce ma ke sa mayafi ta raka mace asibiti ta zauna a bakin ƙofa. Yanzu da babu kowa a can an dawo ana buga mata ƙofa tsakar dare, tsohuwar da ta haura 70 idonta ya yi rauni, tana fita tana kuka tana cewa ba ta son ta sake ganin zani na uku.

Wata maganar matan suka ce lallai in saka ko da ba za ta yi daɗin ji ba, ita ce ta wulaƙanci. Ba duka ba, wallahi akwai na kirki da har gobe muna sa musu albarka, amma akwai ɗakunan haihuwar da in 'yar ƙauye ta shiga tun daga kallon zaninta an gama yanke mata hukunci. A daka mata tsawa tana kan gwiwa, a ce ba ta yi wanka ba, a ce haihuwa ta nawa ce wannan kamar ta yi laifi, a yi ta Turanci a kanta ba wanda zai juyo ya ce baiwar Allah ga abin da ke damunki ga abin da za mu yi miki. Wata a cikinmu ta ce tun da aka mare ta a cinya a haihuwar fari ta rantse ba ta ƙara komawa, 'ya'ya biyar ta haifa a gida bayan nan, na ƙarshen da ƙyar aka ceto ta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai 2 cikin 10 ba, ana ta cewa jahilci ne, ana ta cewa al'ada ce, to a ƙara da wannan a lissafin. Mace ɗaya in aka ci mata mutunci sai ta hana goma zuwa, don a gidan suna da bakin rijiya za ta ba da labari. Kuma hali a makaranta ake koyonsa, ɗalibi yana kallon yadda babba ke yi wa mara lafiya magana shi ma haka zai tashi.

Ba za mu ɓoye namu laifin ba don kar ku ce mun ɗora muku duka. Akwai kunyar ɗan fari da ke sa yarinya ta kwana tana naƙuda ta ƙi faɗa. Akwai jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko daga ci-rani kafin a fita da mace. Akwai masu ba da jiƙe-jiƙe, da can har yankan gishiri ana yi in naƙuda ta yi tsawo, ga yoyon fitsari da doguwar naƙuda ke jawowa, wanda duk ya taɓa leƙa sashen masu wannan lalura a Jahun inda likitocin agaji na MSF ke aiki tun 2008 ya san abin ba wasa ba ne. Amma mun motsa. Adashin da nake magana duk sati kowace mace tana zuba abin da ta samu, kuɗin mota da na jini ne ba a taɓa shi don biki. Liman ya yi huɗuba maza da yawa sun ba da izini tun ciki yana ƙarami, ko ba sa nan a wuce da ita. Muna da lambar direbobi uku da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne. Samarinmu takwas sun je an gwada rukunin jininsu mun rubuta a littafi. Mun yi abin da aka ce mu yi, mun kai mace ƙofar asibiti a kan lokaci, sai mu tarar da kwaɗo.

Abin da ya fi ci min rai ni a matsayina na malama shi ne 'yan matanmu. Ranar da na rubuta sunan Farfesa Hadiza a allo yara huɗu suka ɗaga hannu suka ce su ma likitan mata za su zama. Na san hanyar da ke gabansu. Sakandaren da za su je babu malamin kimiyyar sinadarai tsayayye, ɗakin gwaje-gwaje suna ne kawai, jarabawar shiga jami'a a kwamfuta ake yi yarinyar da ba ta taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar, sannan a jera ta da 'yar birnin da aka yi wa lesin shekara uku a ce a fafata. Ta ina za ta wuce? Alhali ita ce wadda in ta yi karatun za ta zauna, don nan ne gidansu, nan uwarta take, nan za ta yi aure, ba mai yi mata barazana da sauro ko rashin wuta. An taɓa yin shiri mai kyau daga 2012 da tallafin Birtaniya a wasu jihohin Arewa har da Kano da Jigawa, ana ɗaukar 'yan matan karkara a yi musu shekarar share fage su cike gibin darussan kimiyya sannan su shiga makarantar nas ko ungozoma. Ita ungozomar tamu ta irin wannan hanyar ta bi, shi ya sa ta iya zama da mu shekara uku ba ta taɓa yi mana kallon banza ba, kuma a shekara ukun nan duk wadda ta haihu a hannunta ta koma gida da ƙafarta.

Akwai kuma masu zuwa bincike. Sau uku a sanina an zo garinmu da takardu da na'ura a hannu, a tara mata a ƙofar gidan dagaci, a tambaye mu ciki nawa, ɓari nawa, 'ya'ya nawa suka rasu, wasu tambayoyin ko mijinki ba ki faɗa wa ba, mu amsa tsakani da Allah har da hawaye. Ko sau ɗaya ba a dawo an ce ga abin da muka gano ba.

Don haka ga roƙonmu, ranku ya daɗe, kuma mun zaɓi abin da muka san yana hannunku ne.

Kar ku sa hannu a takardar kammalawar kowane likita ko nas ko ungozoma sai ya shimfiɗa ledar awon jinin nan da hannunsa, ya haɗa matakan nan a gabanku ba a takarda ba, ya kuma san yadda ake ba da magnesiyam salfet kafin a tura mace gaba. Waɗanda suka riga suka fita aiki, har da malaman lafiya na ƙananan asibitoci da su ne ke tare da mu kullum, a biyo su inda suke a koya musu a ɗakin da suke aiki da kayan da suke da shi, ba a kira mutum ɗaya otal a birni ya yi kwana biyu ya dawo ba.

Fitar karkara da ɗalibai ke yi a mayar da ita ta gaske. Su zo su kwana, wata guda ko fiye, da babba a tare da su, kuma a sa wani zangon ya faɗo cikin damina. A cikin makin da za a ba su a sa yadda suke yi wa mace magana, a tambaye mu, za mu faɗi gaskiya. A koya musu sunayen abubuwa da bakinmu, su san in tsohuwa ta ce uwar tafiya ba ta faɗo ba me take nufi, in an ce yarinya tana gani dishi-dishi kanta na sarawa su san jijjiga ce ke tafe.

Ku ware gurabe na 'yan matan ƙauye a makarantun ungozoma da na nas, da na likitanci ma, a dawo da shekarar share fagen nan da ƙarfinta a faɗaɗa ta, a yi yarjejeniya a gaban iyaye da dagaci cewa in ta gama za ta yi wa mazaɓarta aiki na wasu shekaru. Mu za mu tsaya a kan iyaye su bari, za mu tsaya a kan mazan da za su aure su, wannan aikinmu ne kuma mun iya.

Ku zauna da irin su Inna. Ba muna cewa a mayar da su likitoci ba, amma duk inda kuka kai ga faɗa mace sai ta fara kiran ungozomar unguwarsu. A koya musu alamomin haɗari, a yi musu bayanin ƙwayar misoforostol da ake ba maijego bayan jariri ya fito don tare jini, da haɗarin ba da ita kafin ya fito, a ba su lambar da za su kira a ɗauka, in sun rako mace kar a kore su daga bakin ƙofa kamar sun kawo cuta.

Duk ɗalibi ko malamin da ya zo ya yi bincike a kanmu, ku wajabta masa ya dawo ya faɗa mana sakamakon da Hausa a inda ya tara mu. Shi ma binciken su Farfesa a yi bayaninsa a rediyo da Hausar da kakata za ta gane, mace ta san akwai ledar awon jini har ta iya tambaya ina tawa.

Na ƙarshe, ku ara mana bakinku. A watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da yi wa mata masu buƙata tiyatar haihuwa kyauta, mun ji mun yi murna mun yi addu'a, amma sai mace ta kai inda ake tiyatar da ranta tukuna. In kun zauna da masu yanke hukunci ku gaya musu ƙaramin asibiti yana buƙatar ungozoma biyu ba ɗaya ba don wata ta yi dare wata ta yi rana, da ɗakin kwanansu, da ledar awo, da allurar da zafi bai kashe ba, babban asibitin da ke kusa kuma a samu jini a ajiye. Ku kuna da alƙaluman da za ku kafa hujja da su, mu sunayen matattu kawai gare mu.

Zuwa ga Hajiya Farfesa Hadiza, in Allah ya sa wannan ta kai gare ki, matan garinmu suna gaishe ki suna yi miki addu'a, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa aikin nan ya zama sadaka mai gudana. Muna gayyatarki ke da duk wanda zai iya cikin iyayenmu, ku zo ku ga ɗakin haihuwarmu da idonku. Dagaci ya ce akwai masauki a gidansa, in ruwa ya cinye hanya samari za su jira ku a bakin titi. A lissafin da muka yi ran Juma'a mata 11 ne a ƙungiyarmu za su haihu kafin a gama girbin gero, biyu a cikinsu 'yan fari ne, ɗaya kuma ta taɓa zubar da jini a haihuwarta ta baya.

Wassalamu alaikum.

'Yarku, malamar firamare, a madadin matan ƙungiyar adashin haihuwa ta ƙauyenmu, jihar Jigawa.